Takardar Tara da Kujerar Alƙali: Tarihin Haƙƙin Direba a Hanyar Kudancin Kano



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau 'yar takardar nan da ma'aikacin hanya yakan yanka wa direba in ya tsayar da shi, ya ce ya karya doka, ya je ya biya tara. Na tabbata a cikin wannan zaure ba za a rasa wanda aka taɓa miƙa wa ita ba. Tambayata ita ce: shin wannan takarda hukunci ce, ko kuwa tuhuma ce kurum? In hukunci ce, to, magana ta ƙare a bakin titi. In kuwa tuhuma ce, lalle akwai sauran wani wuri da direba zai je ya tsaya gaban wanda ba shi ne ya kama shi ba, ya ce, "Ban yi ba." A dokar ƙasarmu tuhuma ce. Amma yadda aka yi aka iso ga wannan amsa, da dalilin da ya sa direban Doguwa bai cika cin moriyarta ba, shi ne tarihin da nake so mu bi tare.

Zan kafa maganata a kan hanya guda wadda yawancinku kun sani. In mutum ya fita daga birnin Kano ya nufi Zariya, zai ratsa ƙasar Bebeji, ya shiga ƙasar Ƙiru, ya kai Kwanar Ɗangora, kusa da iyakar Jihar Kaduna. A wannan yanki ne kuma hanyar Jos ta rabu, ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta shiga Doguwa, ƙaramar hukumar da ta fi kowace nisa zuwa kudu a Jihar Kano, mai hedkwata a Riruwai, garin kuza. Shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa ta nan suke fita. Duk wanda yake so ya tsayar da matafiyi ya karɓi wani abu a hannunsa, a da ko a yanzu, a irin wannan hanya yake kafa shingensa.

Tsayar da matafiyi ya girmi mota nesa ba kusa ba. Bebeji tsohon zangon fatake ne. Baturen nan Clapperton, wanda ya bi ta garin a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu 20 zuwa dubu 25, ya kuma lura cewa kasuwanci ne sana'arsu. A nan ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari ba ya wuce gari sai an biya fito, kuma babban aikin madugu, bayan sanin hanya da rijiyoyi, shi ne ya san yadda zai yi ciniki da mai gari a kan abin da za a biya. Ku lura da wannan hali da kyau: mutum guda ne yake tsare hanya, shi ne yake yanke abin da za a ba da, shi ne kuma kuɗin suke shiga aljihunsa. Falke ba shi da inda zai kai ƙara, sai dai baɗi ya sake hanya. Duk tarihin da zan ba ku yau, ƙoƙari ne na raba waɗannan ayyuka ga hannuwa dabam-dabam.

Masu jihadi sun ga wannan aibi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗabi'un sarakunan zamaninsa da ya ƙi, a ciki har da tatsar 'yan kasuwa da matafiya, da ba alƙali toshiya. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya sauka a Kano wajen 1806, ya rubuta wa Kanawa littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Ba zan ce an daina karɓar fito bayan jihadi ba, don ba a daina ba. Amma fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi yana ɗauke da ƙa'idoji biyu da suka shafi batunmu kai tsaye. Ta farko, kawo hujja yana kan mai da'awa ne, ba a kan wanda ake tuhuma ba. Ta biyu ita ce i'izari, watau kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran magana ko wata hujja da bai kawo ba. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba, ana iya rushe shi. Saboda haka in kun ji ana cewa haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi baƙo ne da Turawa suka zo da shi, ku ce wa mai maganar ya koma ya buɗe Tuhfa.

Turawan kansu ta wannan hanya suka shigo. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa ran 1 ga Fabrairu, ta ci Kano ran 3 ga wata. Gwamna Lugga, wanda ya yi ta zargin sarakuna da tsananta wa fatake, shi ma da ya zauna sai ya kafa nasa kuɗin ayari: kashi 5 cikin ɗari na kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Ba a soke shi ba sai 1907. Abu guda da ya kamata a faɗa game da wannan zamani shi ne kafa Baitulmali. Da aka yanka wa alƙalai albashi, aka ce tara da kuɗin kotu su tafi Baitulmalin En'e, an cire aljihun alƙali daga cikin hukuncinsa, ko da a takarda ne. Amma fa kotun lardi, wadda Razdan yake shugabanta, ba a yarda lauya ya shiga ba, haka nan kotunan alƙalai. Sai a gyaran da Gwamna Cameron ya yi a 1933 aka rushe kotunan lardi, aka kafa Babbar Kotu da kotunan majistare.

A tsakanin nan mota ta iso. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sannu a hankali manyan motoci suka maye gurbin jakuna wajen kai amfanin gona bakin tasha. Dokar hanya da aka daɗe ana aiki da ita an yi ta a 1947, ta fara aiki a 1949. Abin lura a nan shi ne, a farkon zamanin mota, ko a Ingila, ba a san wata takardar tara ta nan take ba. A 1896, a gundumar Kent, ɗan sanda ya bi wani mai mota a kan keke don yana gudun mil 8 a awa inda doka ta ce mil 2. Da ya cim masa bai karɓi ko kwabo ba, sammaci aka yi masa, majistare ne ya ci shi tarar sule guda a kan gudun. Watau asali dai kotu ce take cin tara. Takardar da muke magana a kanta an ƙirƙiro ta ne daga baya, da motoci suka yi yawa, kotuna suka cika. Ingila ta yi dokarta a 1960, kuma a watan Satumba na shekarar aka fara yanka takardar fam 2 a titunan Landan. Wanda aka fara yanka wa kuwa likita ne da ya ajiye motarsa ya shiga duba mai ciwon zuciya, har jama'a suka yi ca, aka yafe masa. Ma'anar takardar tun daga ranar farko ita ce: in ka yarda ka yi laifi, biya wannan ka huta da zuwa kotu, in ba ka yarda ba, ƙofar kotu a buɗe take. Sauƙi ne aka yi wa mai laifi, ba ƙwace wa marar laifi haƙƙinsa aka yi ba.

A cikin wannan wata na Satumba 1960 ne kuma Jihar Arewa ta fara aiki da sabon kundin laifuffuka da na tsarin shari'arsu, waɗanda suka biyo bayan shawarar kwamitin masana shari'a na 1958 a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi, ta ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Talakawan Kano ma suna da nasu dalilin, don 'yan NEPU sun sha ɗauri a kotunan En'e a shekarun 1950 ba tare da lauya ba. To, haƙƙin a saurari mutum a gaban kotu mai zaman kanta ya shiga Tsarin Mulkin 1960 a sashe na 21, ya koma sashe na 22 a 1963, na 33 a 1979, yau kuma shi ne sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Ina roƙon kowane ɗalibi ya karanta wannan sashe da kansa. Ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Ya ce a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Ya kuma ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta ambata, ta kuma faɗi hukuncinsa. Babu inda aka ce ban da direba.

Zan wuce zamanin soja da sauri. An kafa Jihar Kano a 1967. Daga 1 ga Afrilu 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnatin jiha, aka kuma shiga haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Ran 2 ga Afrilu 1972 ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama. Kuɗin man fetur suka cika titi da motoci, Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, noman rani ya ƙaru, lodi ya ƙaru, haɗari ma ya ƙaru. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, FRSC, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Dokar da ta sake kafa ta a 2007 ta zo da jadawalin laifuffuka da tararsu: rashin ɗaura bel naira 2,000, waya a kan tuƙi naira 4,000, tuƙin ganganci naira 50,000. A 2012 kuma Jihar Kano ta kafa tata hukumar, KAROTA. Ga 'yan sanda, ga VIO. Direban da ya taso daga Doguwa zai iya gamuwa da kaki iri huɗu kafin ya ga ƙofar gari.

Da yake hukumomin nan suna kamawa, suna kuma rubuta tara, ba a daɗe ba lauyoyi suka kai maganar gaban kotu. A 2014, a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko, wani lauya da aka yanka wa tara saboda tsagewar gilashin gaban motarsa ya yi ƙara, Mai Shari'a John Tsoho ya ba shi gaskiya, ya ce cin tara aikin kotu ne, hukumar ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. Jaridu suka ɗauka, direbobi suka yi murna. Amma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ediru da aka buga cikin rahoton shari'u na 2016, ta kalli abin ta wata fuska. Ta ce takardar ba ta ƙwace ikon kotu ba, don kuwa zaɓi take ba mutum: ya biya, ko a gurfanar da shi. Ni a ganina hukunce-hukuncen biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba. Dukansu sun tsaya a kan cewa wanda ya musa laifi, alƙali ne kaɗai zai iya cewa ya yi. Halaccin takardar gaba ɗaya ya rataya ne a kan wannan zaɓi. In zaɓin ya zama na baki kurum, to, takardar ta koma fito.

Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da ya kamata ma'aikata su sani. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta ce ikon FRSC a kan hanyoyin tarayya yake, ba na jiha ko na ƙaramar hukuma ba. Titin Kano zuwa Zariya na tarayya ne, amma 'yan hanyoyin da suke shiga ƙauyukan Ƙiru da Bebeji ba haka suke ba. A watan Oktoba 2024 kuma Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce babu dokar da ta ba VIO na birnin tarayya ikon kama mota ko cin tara. Kada a ɗauki wannan a ce ya rushe KAROTA, don ita tana da dokar Majalisar Jiha a bayanta. Darasin da ke ciki shi ne, duk wanda ya tsayar da kai, akwai tambaya ta halal da za a yi masa: wace doka ce ta ba ka iko, kuma wane sashe na karya?

Yanzu bari mu sauko daga littafi mu koma titi, don a nan ne maganar take da nauyi. Mu ƙaddara direba ya yi lodin masara a Doguwa, an tsayar da shi kusa da Kwanar Ɗangora, an rubuta masa laifin da shi ya tabbata bai yi ba. Takardar da Turanci take, shi kuwa karatun allo ya yi. An riƙe lasinsa, ko an ja motar zuwa ofis, inda bayan awa 24 za a fara lissafa masa naira 200 kowace rana kuɗin ajiya. Wannan ma ba shi ne babban asara ba. Motar ba tasa ba ce, mai ita yana jiran balas da yamma. Masu kaya suna tsaye a kansa, in tumatir ne ya ɗauko, zuwa gobe ya zama ruwa. In ya ce sai kotu, zai yi jiran ranar zama, ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, wataƙila a ɗage, wataƙila ma'aikacin da ya kama shi bai zo ba. Tarar naira 2,000 za ta ci masa kwana uku na aiki. Duk mai hankali zai biya. Mafi muni, zai ga ya fi masa sauƙi ya miƙa rabin kuɗin a hannu, ba takarda ba rasit. Ga yadda tsadar gaskiya take haifar da cin hanci, ba sai an ce wani mugu ne ba.

Kada a fahimce ni a karkace. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka cika da mutane a kan buhuna tana gangarowa daga Falgore da tayoyi kamar tafin hannu, ya san ma'aikatan hanya ba don wasa aka ajiye su ba, kuma yawancin waɗanda ake kamawa sun yi abin da aka ce sun yi. Amma kotu ba don ta saki mai laifi take ba. Ma'aikacin da ya san za a iya kiransa ya tsaya gaban majistare ya faɗi abin da ya gani, a kuma yi masa tambayoyi, zai yi hattara da abin da yake rubutawa. Wanda ya san ba za a taɓa kiransa ba, sai tsoron Allah kaɗai ya rage ya tsare shi.

Maganin da dokar 2007 ta kawo shi ne kotun tafi-da-gidanka: ta ba Babban Jojin Jiha ikon kafa kotu ta musamman don laifuffukan hanya. Dabara ce mai kyau, don ta kai alƙali inda direba yake, maimakon a jawo direba birni. Mutanen Kano sun ga irinta sosai a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da Kwanar Ɗangora ta zama ƙofar shiga jiha. Sai dai ina da damuwa guda. In majistare ya zo a motar hukumar da ta yi kamu, ya zauna a ƙarƙashin rumfarta, aka jero masa mutum hamsin a rana, direba ba zai ga bambanci tsakanin mai kaki da mai alkyabba ba, kuma da wuya a yi i'izari na gaskiya. Haɗarin yana ƙaruwa in gwamnati ta fara kallon tara a matsayin hanyar samun kuɗin shiga, har ta riƙa yaba wa hukuma a kan yawan abin da ta tara. Amurka ta sha wannan. A 1972 Kotun Ƙolinsu ta rushe hukuncin tarar hanya da magajin wani ƙauye mai suna Monroeville a Jihar Ohio ya yanke wa wani direba, don kuwa babban kaso na kuɗin shigar ƙauyen daga tarar kotun magajin yake fitowa. Kotun ta ce ko da kuɗin ba aljihunsa suke shiga ba, wanda nauyin cika baitulmali yake wuyansa ba zai zauna alƙali a kan wanda za a tatsa ba. Ba a ba kura ajiyar nama.

An ci gaba ta wani gefe, lalle. Tarar FRSC a banki ake biyanta cikin asusun gwamnati, ba a hannun wanda ya rubuta ba, kuma wannan shi ne aikin da Baitulmali ya fara. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a tun 1975, da Hukumar Taimakon Shari'a ga marasa galihu tun 1976. Abin da ya rage ba ya bukatar sabon tsarin mulki. A buga takardar tara da Hausa, boko da ajami, a rubuta a jikinta ƙarara cewa mai ita yana da ikon ƙin biya ya nemi kotu, da sunan kotun da ranar zamanta. A bar motar da ba ta da haɗari ga jama'a ta kai kayanta, a riƙe takarda a madadinta. A sa wa kotunan majistare na wannan yanki rana guda sananniya a mako don shari'ar hanya, wadda ba ta faɗo ranar babbar kasuwa ba. Waɗannan duka aikin ofis ne, kuma waɗanda za su rubuta takardunsu wataƙila suna zaune a nan.

Ga ɗaliban shari'a kuwa, ga wani abin mamaki. Reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya na Kano a Bagauda yake, cikin ƙasar Bebeji, a kan wannan hanya da muka yi ta magana a kanta. Kowace shekara ɗaruruwan matasa suna haddace sashe na 36 a can, motocin Tudun Wada da Doguwa kuwa suna wucewa ta bakin ƙofarsu dare da rana. Da shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin yankin da hukumar makarantar za su zauna, a ware wa ɗaliban yini guda a wata su je tasha, ƙarƙashin kulawar malamansu, su karanta wa direbobi abin da takardar take cewa da Hausa, su nuna musu inda kotu take, da ba a kashe wa gwamnati ko sisi ba.